Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan kwas ɗin nazarin rubutun tarihi

Malam, ka tambaya me ya sa ake wahalar da ɗalibai da kwas a kan yadda ake rubuta tarihi, alhali tarihi abin da ya riga ya faru ne. Na karanci tarihi a jami'a, na kuma jima ina koyar da shi a sakandare, don haka ga abin da na gani.

Ɗauki shekarar 999 da muke sa yara su haddace a matsayin farkon sarautar Bagauda a Kano. Asalin littafin Tarihin Kano da Larabci yake, kuma ba ya faɗin shekarar da sarki ya hau gado, tsawon mulkinsa kawai yake bayarwa. H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, shi ya riƙa lissafi da baya-baya har ya dira a 999. In marubucin ya ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, ko ya tsallake wani, duk lissafin ya goce. Shi kansa marubucin har yau ana taƙaddama a kansa: masanin tarihi John Hunwick ya yi ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi a fadar Kano, wasu kuma sun ce an fara tattara shi tun kafin nan da daɗewa. Amma yaro ya rubuta 998 a jarrabawa, sai mu ja masa jan biro!

Abin da kwas ɗin ke koya maka ke nan: wa ya rubuta, yaushe, don wa, daga bakin wa ya ji. Da irin waɗannan tambayoyi Farfesa Abdullahi Smith ya sake duba labarin Bayajidda a 1970, Dakta Yusufu Bala Usman kuma ya horar da ɗalibai a kansu a Zariya.

Inda abin ya fi yi wa ɗalibaina nauyi shi ne jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo. Yawancin abin da muka sani game da Sarkin Gobir Yunfa daga alƙalamin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808 ya fito. Wannan bai mai da su maƙaryata ba, malamai ne masu tsantseni, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno da ke sukar su a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Sai dai Gobirawan Tsibiri, a Nijar, suna da nasu labarin, kuma a ajinmu ba kasafai ake jin sa ba.