Hukuncin Sanya Sarƙa da Awarwaro Irin na Mutanen Viking

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Suwidin ya aiko mini da tsaraba: awarwaron azurfa murɗaɗɗe da sarƙa mai ɗan abin wuya siffar guduma, wai irin na mutanen Viking. Ya halatta in sa? Shi ma yana sa irinta.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, hukuncin kayan biyu ba ɗaya ba ne.

Awarwaron ki sa abinki. Asali a kayan ado halacci ne, kuma kasancewar waɗanda ba Musulmi ba ne suka ƙera abu ba ya haramta shi, domin Annabi (SAW) ya sa jabba ta Rumawa. Mutanen Viking, mazauna Norwe da Suwidin da Denmak daga wajen 793 zuwa 1066, sun ɗauki irin wannan awarwaro a matsayin ado da kuɗi, har sukan sare shi su auna a sikeli wajen ciniki. Azurfarsu ma da yawa daga ƙasashen Musulmi ta fito. A tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin an tono taskar Spillings a 1999, azurfa kusan kilo 67, da tsabar kuɗi sama da 14,000, galibinsu dirhamin Musulmi. Ahmad ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar Halifa Muktadir na Bagadaza, ya ga matan mutanen Viking a bakin kogin Volga da ke Rasha ta yau a 922 da ƙawanyun zinariya da azurfa a wuya.

Gudumar ce matsala. Alama ce ta Thor, abin bautarsu na tsawa, kuma rataya ta suke yi don neman tsari, tamkar laya. Kada a ce wannan tarihi ne da ya shuɗe, don akwai mabiya addinin Asatru, wanda hukumar ƙasar Aisland ta amince da shi tun 1973, kuma har yau da ita suke nuna addininsu. Imam Ahmad ya ruwaito daga Uƙba ibn Amir cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa Adiyyu ibn Hatim ya zo da gicciyen zinariya a wuya, Annabi (SAW) ya umarce shi ya jefar da wannan gunki. Wanda ya sa gudumar yana ƙudurce tana kare shi ya faɗa shirka. Wanda ya sa don ƙawa kawai ba mu kafirta shi, amma haramun ne, domin alamar bautar wanin Allah ce. Abin da ya wuce cikin rashin sani babu laifi a kanki.

Ba sai kin zubar da azurfar ba, wannan ɓarnar dukiya ce. Ki kai wa maƙerin farfaru ya narka ta ya yi miki 'yan kunne, sarƙar kuma ki ci gaba da amfani da ita.

Ƙanenki kuwa, ko babu gudumar, sarƙa da awarwaro adon mata ne. A mazhabar Malikiyya abin da aka yarje wa namiji shi ne zoben azurfa guda ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami 2 ba. Ki faɗa masa cikin laushin harshe.

Allah ne Mafi sani.