Amsa kan ƙurajen da ke fitowa a ƙarƙashin sitika

Ƙanena, ka ce ka haɗa ƴar motar nan ta roba mai ma'aunin 1/24 (wato tsawonta kashi ɗaya cikin 24 na motar gaske), ka lulluɓe ta da sitika, washegari sai ga ƙuraje sun fito a rufi da gefen ƙofa, kana tambaya ko ka ɓare ka sake. Dakata tukuna.

Fara sa farce ka danna ƙurji ɗaya a hankali. In ya lotsa ya dawo, iska ce ta maƙale. In ka ji tauri kamar tsakuwa a shinkafa, akwai abu a ƙasa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na iska ba shi da wuya. Ɗauki allura siririya, ka huda a gefen kumburin, ba tsakiya ba, ka ɗan ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, sannan ka naɗe tsohon katin banki da tsumma mai laushi ka kora iskar zuwa ramin. Shi ke nan.

Mai taurin shi ne ya wahalshe ni shekara da shekaru. A nan Maraɗi kusan kullum ƙura ce, balle da hunturu. Ita robar nan, in ka goge ta da busasshen tsumma, janyo ƙura take yi kamar mayen ƙarfe. Na taɓa liƙa wa wata ƴar babbar mota ta roba sitika a tsakar gida cikin watan Janairu, da na ɗaga ta a hasken rana sai na ga gefenta duk kamar ƙyanda ta fesa mata. Raina ya ɓaci sosai, don kwana uku na yi a kanta. Tun daga ranar ba na liƙi sai a ɗaki, taga a rufe, na yayyafa ruwa a ƙasa, na kashe fanka. In ƙwaya ɗaya ce ko biyu kusa da baki, ɗumama sitikar, ka ɗaga ta sannu da bakin reza, ka cire ƙwayar da matsefata, ka mayar. In ta yi nisa a tsakiya, yanke wannan ɓangaren ka sa sabo, don sitikar da aka ja ta miƙe ba ta komawa yadda take.

Amma na gefen ƙofa da ka faɗa, ina zargin daga jikin robar ne: ko layin da ke fitowa wurin zubin robar a masana'anta, ko guntun da ya rage inda ka yanke ƙofar daga sandar robar da ta zo manne da ita. Sitika ba ta rufe aibu, mai sheƙi ma ƙara tona shi take. Sai ka ɓare, ka kankare layin da bayan reza, ka bi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000, da ɗan ruwa. Rami kuwa a cike, a bari ya bushe sarai, a sake gogewa. Ka rufe ido ka shafa da yatsa. Abin da yatsa ya ji, sitika za ta nuna shi.

Kafin liƙi ka wanke da ruwa da sabulu, ya bushe. Kada ka kusanto da tina (ruwan tsinka fenti) ko ruwan goge jan farce, narkar da irin wannan roba suke yi. In kuma ka fesa fenti a ƙasa, ba shi kwanaki, don fentin da bai gama bushewa ba yana fitar da tururi, shi ma yana tada kumburi bayan an liƙa.

Sannan don Allah kada ka ajiye ta a rana wai ƙurajen su kwanta. Zafin Afrilu a garin nan ya wuce digiri 40, ni ya taɓa lanƙwasa mini rufin mota sukutum. Turo hoton gefen ƙofar daga kusa, hasken fitilar waya na dukan ta ta gefe, in gani ko layin zubi ne.