Amsa: jawo bayanan kwastomomi daga Salesforce ta hanyar direba

Salam ɗan'uwa, ka ce bayanan kwastomominku suna Salesforce (manhajar intanet da kamfanoni ke ajiye bayanan kwastomomi a ciki) kuma kana son kod ɗinka na Python ya karanto su kamar tebur na SQL (harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi). Ana yi, na taɓa yi ma wani shago kusa da kasuwar Dole nan Damagaram.

Direban ODBC (ƙaramar manhaja mai haɗa kod da inda bayanai suke) za ka sa a ordinatar, ka haɗa da pyodbc, wanda ke sa Python ya yi magana da direban. Amma don Allah ka gane, ba bas (rumbun bayanai) ce ta gaske kake taɓawa ba, direban yana juya tambayarka ne zuwa SOQL (harshen tambaya na Salesforce) ya aika ta API (ƙofar da kod ke bi ya yi magana da Salesforce), kuma Salesforce na ƙidaya kiran da ka yi cikin awa 24, in ka sa tambaya cikin madauki kwastoma ɗaya-ɗaya to kasonka zai ƙare kafin la'asar. Zaɓi ginshiƙan da kake buƙata kawai, sa WHERE don ka tace layukan, dama amsar tana zuwa kashi-kashi ne, layi 2000 mafi yawa a kowane kashi.

In Python ɗinka 64 bit ne direban ma ya zama 64, nan na sha wahala kwana biyu wallahi.

Kalmar sirri kar ka rubuta ta cikin kod, yi amfani da OAuth (hanyar ba kod izinin shiga ba tare da ka ba shi kalmar sirri ba), lambobin mutane amana ce. Kuma da yadda rezo ke yankewa a nan, gara ka riƙa ajiye kwafi a SQLite (ƙaramar bas da ke zama cikin ordinatar ɗinka) da dare.