Sito na yoyo tun da aka ɗora sola: a sake kwano ko a yi gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda, ina da sito na haya kusa da Kantin Kwari. Bara aka ɗora mini sola a kan rufin, ga kuma bututun na'urar sanyaya ɗaki da aka bi da shi ta cikin kwanon. Tun daga nan, da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya zubo, har dila biyu sun jiƙe. Kafinta ya shafa kwalta, ba a daɗe ba yoyo ya dawo. Yanzu mai gida ya ce a sake kwano gaba ɗaya, mu raba kuɗin. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kada ka yi saurin amsa wa mai gida. Rufin da bai taɓa yoyo ba sai bayan an huda shi, ba tsufa ke damunsa ba, hujin ne. Ko sabon kwano aka sa, in masu sola suka sake hawa suka huda shi yadda suka yi a baya, damina mai zuwa kana nan da bokiti.

A fara gano wurin. Inda ruwa ke ɗiga a ciki sau da yawa ba nan ya shigo ba. Yakan bi katakon rufi ya yi tafiya kafin ya sauko. A sami ranar da babu hadari, mutum ɗaya ya hau da tiyo, ɗaya ya tsaya ciki da tocila. A fara zuba ruwa daga ƙasan rufin, a riƙa hawa sama a hankali, huji bayan huji, ana sa alama da alli.

Ka hau da kanka ka duba ƙafafun solar. Kwano yana da doro, yana da kwari, ruwa kuma ta kwarin yake bi. Mai gaggawa yakan ɗaure ƙafar a cikin kwari don ya fi masa sauƙi. A mayar da ita kan doro, da sukuru mai washar roba, ya kama katako ko ƙarfen da ke ƙasa. Dubi robar da kyau: in an matse ta har ta fito gefe ta tsage, ta tashi aiki; in sukurun ya shiga a karkace, gefe ɗaya a buɗe yake. Tsofaffin ramukan kuma a toshe su da faci, kada a bar su ga kwalta.

Kwalta ba ta jure ranar Kano a kan ƙarfe. Kwano yana buɗewa da zafi, ya tsuke da dare, ita kuwa ta bushe ta tsattsage. Araha ba ta ado. Bututu yana buƙatar hular roba da ake yanka bakinta daidai kaurinsa, a sa gam a ƙarƙashinta, a ɗaure ta da sukuru. In huji babba ne, a yi masa filashin, wato fallen ƙarfe da ke rufe kewayen hujin, gefensa na sama ya shiga ƙarƙashin kwano, na ƙasa ya hau kansa, ruwa ya wuce bai sami baki ba. Wajen sayen gam ɗin, wato silikon, ka shinshina: mai warin tsami yana cin kwano ya jawo tsatsa, a nemi marar asid. Ruwan da ke ɗiga daga bututun jan ƙarfe na na'urar sanyaya ɗakin shi ma yana cin kwano, a ja shi da tiyon roba zuwa ƙasa. Ni dai da za ka ji tawa, bututun nan a fitar da shi ta bango, a rufe hujin sama baki ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Tunda kai ka kawo masu hudawar, gyaran hujin a wuyanka yake, kuma bai kai ko kusa da kuɗin dilar shadda ɗaya ba. Sake kwano kuwa gyaran kadarar mai gida ne. In har ya zama dole, abin da ka bayar a rubuta a gaban shaidu cewa za a cire daga haya. Ka kira wanda ya haɗa solar tukuna, ka tambaye shi garanti. Duk wanda zai yi aikin, ka biya kuɗin kaya, ka riƙe kashi ɗaya cikin uku na ladansa sai an gwada da tiyo a gabanka. In kana da inshora, karanta takardarka, don yawanci ba su biyan ɓarnar da rashin gyara ya jawo.

Aikin na rani ne, gam ba ya kama jiƙaƙƙen kwano ko mai ƙura, kuma kafinta yakan yi tsada da ruwan Agusta ya kankama. Kafin a gama, ɗaga dilolin kan katako, ka janye su daga bango, ka rufe su da tamfal.