Fenti mai duhu da takardar bango a ƙaramin banɗakin baƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da ɗan banɗaki kusa da falo wanda baƙi ke shiga. Faɗinsa mita ɗaya da rabi, tsawonsa mita biyu, tsayin bangon kuma mita 2.7. Akwai masai, da wurin wanke hannu, da shawa wadda ba kasafai ake kunna ta ba, sai wata 'yar taga. Raina ya biya in yi masa kore mai duhu, in manna takardar bango mai manyan furanni. Maigidana ya ce duhu zai ƙara matse wurin, mai fenti kuma ya ce takarda ba ta shiri da banɗaki. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, ki bi ranki, amma ki saurari mai fentin nan da kunne biyu, domin maganarsa ta fi ta maigida nauyi.

Bari mu fara sallamar maigida. Ɗakin da bai wuce mita biyu ba, ko madara aka shafa masa ba zai koma falo ba. Farin fenti yana buɗe wuri ne idan akwai hasken rana da zai mayar, to 'yar taga guda me za ta ba shi? Sau da yawa sai ki ga farin ya dusashe ya koma ruwan toka, kowace kusurwa ta fito fili tana nuna iyakar ɗakin. Launi mai duhu kuwa yana haɗiye kusurwoyi, ido ya kasa tantance inda wannan bango ya ƙare wancan ya fara. Ga shi kuma baƙo minti kaɗan yake yi a ciki. Launin da zai gundure ki a ɗakin kwana, a nan burgewa yake yi. A duk faɗin gida babu inda ya fi dacewa da ƙarfin hali irin wannan wuri.

Abin da nake hanawa shi ne rabi da rabi: a yi bango ɗaya kore shar, a bar sauran uku fari fat don tsoro. Wannan shi ke yanyanka ɗaki ya ƙara masa ƙanƙanta. In za ki yi, ki zagaye ɗakin duka, har bayan ƙofa. Silin ma in kin shafa masa launin, ko wanda ya ɗan fi shi haske, zai fi farin kyau nesa ba kusa ba.

Yanzu ga batun ruwa, wanda shi ne ainihin tambayar. Ki shiga banɗakin ki tsaya, ki raba bangon gida uku a zuciyarki. Akwai inda ruwa ke duka kai tsaye, wato cikin wurin shawa. Nan tayil ne kawai, babu wata takarda da za ta rayu a wurin, ko me mai sayarwa ya faɗa miki. Akwai inda ruwa ke fallatsa: bayan famfon wanke hannu, gefen masai, da ƙasan bango inda tsumman goge ƙasa ke taɓawa. Sai na uku, saman bango, inda tururi kaɗai ke isa. A nan furanninki za su zauna.

Saboda haka tsarin da nake ba ki shawara shi ne ki ja layi a tsayin mita 1.2 daga ƙasa. Daga layin zuwa ƙasa tayil ko koren fentinki, daga layin zuwa silin takarda. A kan layin a kafa siririn katako da aka yi wa fenti, ya rufe bakin takardar, domin daga baki take fara ɗagowa. Bayan famfo kuwa a sa tayil jeri biyu, ko gilashi mai kauri a kan takardar, a toshe gefensa da gam na silikon.

Takardar ma iri-iri ce. Ta zallar takarda tana shan danshi ta kumbura, ta ciyawa ko zare kuma ɗigon ruwa ɗaya ya bar mata tabo, ki bar su duka. Ki nemi mai rufin roba a fuska, wadda aka rubuta a jikin naɗinta cewa ana iya wanke ta. In kin sami irin da bango ake shafa wa gam ba takardar ba, ta fi sauƙin aiki a matsattsen wuri, kuma ba ta miƙewa ko tsukewa bayan ta bushe. Wadda ake ɓare bayanta a manna kamar sitika tana da daɗin sakawa, sai dai tururi yakan sassauta bakinta, ni ban cika yarda da ita ba inda akwai shawa. Gam ɗin kuma ya zama mai maganin fumfuna.

Ga lissafin. Naɗin da aka fi samu faɗinsa santimita 53, tsawonsa kamar mita 10. Kewayen ɗakinki mita 7 ne, in aka raba shi da faɗin naɗin, falle 14 ke nan, wato yankan takarda 14 da za a jera a tsaye. Saman bangon mita 1.5 ne, a ƙara santimita 10 na datsewa. Amma manyan furanni suna da ɓarna, domin dole furen wannan falle ya haɗu da na maƙwabcinsa. Idan zanen yana maimaita kansa duk bayan santimita 64, kowane falle zai ci maimaici uku, wato mita 1.92, naɗi ɗaya ya ba ki falle biyar, wato naɗi uku. Ki sayi huɗu. Ki kuma duba lambar bugu da ke jikin kowane naɗi ta zama iri ɗaya, don bugu biyu na zane ɗaya sukan ɗan bambanta a launi, kuma ba za ki lura ba sai sun hau bango gefe da gefe.

Kada ki zaɓi koren kafin takardar. Fenti ana iya haɗa miki kowane launi, takarda kuwa yadda aka buga ta haka take. Ki ɗauko koren daga ganyen da ke cikin zanen, ki shafa gwaji mai faɗin kamu biyu a bangon, ki dube shi da rana, ki sake dubawa da dare a ƙarƙashin kwan fitilar da za ki yi amfani da shi. Ki ɗauki fenti mai ruwa wanda aka yi don wurin danshi, mai ɗan sheƙi kaɗan don ya gogu. Mai ƙyalli sosai a launi mai duhu tonon asiri ne, duk wani tudu da kwari na filasta sai ya nuna shi. A fara da shafen fari na share fage, amma a rina shi ruwan toka, sannan a bi da koren sau biyu ko uku, ana barin kowane shafe ya bushe.

Bangon kansa fa? Nan ne aiki yake lalacewa tun kafin a fara. Ki shafa tafin hannunki: in ya fito da gari, ko kin ga fenti yana kumbura kusa da bututu, ko baƙin ɗigo-ɗigo a lungu, to akwai danshi a ciki, sai an gano yoyon an gyara. Takarda mai roba a kan jiƙaƙƙen bango tana kulle ruwan ne a baya, fumfuna ta yi gida ba ki sani ba, sai wari ya sanar da ke. Sabuwar filastar siminti a ba ta aƙalla mako huɗu. In kuma gidan tsoho ne mai tsohon fentin mai, kada a kankare shi a bushe da sanfefa, domin irin waɗannan fentin sukan ƙunshi dalma, ƙurarta guba ce musamman ga yara.

Wajen mannawa, ki sa ido mai aikin ya ja miƙaƙƙen layi da igiya mai nauyi a ƙasa kafin falle na farko. Kada ya bi kusurwa, kusurwar gini ba ta cika miƙewa ba. Ya daidaita babban fure a tsakiyar bangon da ido ke fara sauka a kai in an buɗe ƙofa, ya kai haɗin ƙarshe, inda zane ba zai dace ba, can saman ƙofa. Gam ɗin da ya tsattsafo a goge shi nan take da jiƙaƙƙen soso, in ya bushe a kan launi mai duhu sai ya bar sheƙi. Kwana biyu kada kowa ya kunna shawa.

Duhun launi yana cin haske, don haka kwan fitila ɗaya a silin ba zai isa ba. Ki sa biyu a gefen madubi, dama da hagu, masu haske ruwan zuma irin na kelbin 2700 zuwa 3000 (kelbin shi ne ma'aunin launin hasken kwan fitila), madubin kuma ya zama babba gwargwadon yadda bango zai ɗauka. Tawul da sauran tarkace su zama launi ɗaya tak, furannin sun riga sun cika ido.

Sai fanka mai zuƙe iska zuwa waje. 'Yar tagar nan ba za ta wadatar ba ranar da baƙo ya kwana ya yi wanka da ruwan zafi. A haɗa fankar da makunnin fitila, a samo irin da ke ci gaba da juyawa na wasu mintoci bayan an kashe wuta. In ba za a iya huda bango a sa ta ba, to a nan kam mai fentinki ya yi gaskiya: ki haƙura da takardar, ki zagaye ɗakin da koren har silin, furannin kuma ki sa su a firam mai gilashi ki rataye.