Amsa ga ɗan'uwan da barci ke gagararsa bayan kasuwa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa kana dawowa daga shago kanka ya ɗau zafi, ka kwanta barci ya ƙi zuwa, ga saurin fushi da iyali. Allah ya kawo sauƙi, ni ma na ɗanɗana wannan.

Abin da na fara gyarawa shi ne shayin dare da goro. Dukansu suna da sinadarin kafin, wanda ko bayan wajen awa 5 rabinsa na nan a jiki. Wanda ya zauna teburin mai shayi ƙarfe tara, ya ɗora da ɓarin goro, to da hannunsa ya kori barcinsa. Ni daga la'asar ba na taɓa su. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9, idan ya gaza kuwa kukan yaro ma sai ya tunzura shi.

Sai tafiya a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Bayan sallar asuba nake tawa, gari da sanyi, masu ƙosai suna hura wuta.

Lissafin bashi kuma ka rubuta shi a littafi tun kafin ka rufe shago, kada ka kai shi shimfiɗa. Waya ma a ajiye ta nesa.

Amma idan ƙuncin ya wuce mako biyu, abinci ba ya ciwuwa ko gabanka na yawan faɗuwa, don Allah ka je asibiti a auna jininka, ka faɗa wa likita komai.