Ku Tambayi Anti: 'Yata ta ce wai lissafi na maza ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ina da yarinya 'yar aji uku a firamare, da tana son lissafi sosai amma yanzu in na ce ta ɗauko aikin gida sai ta turo baki ta ce ai lissafi na maza ne, a ajinsu ma su malam ke kira gaban allo. Na duba littattafanta sai na ga duk inda aka zana likita ko injiniya ko matuƙin jirgi namiji ne, mace kuwa ko tana shara ko tana goye da yaro, in an mutunta ta a ba ta nas. Na yi wa babanta magana ya ce neman magana ce irin tawa, hoto ne fa kawai. Anti ni ce na cika ƙorafi ko in je makarantar?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba ƙorafi ba ne, idonki ne ya gani daidai. Hoto ɗaya kam ba ya komai, amma yarinya ta buɗe littafi yau ta gani gobe ta gani shekara da shekaru, ai ba sai an faɗa mata da baki ba, ita da kanta za ta gane inda aka ajiye ta. Kuma ba wai shara ko goyo abin kunya ba ne, wa ya isa ya ce haka, matsalar ita ce a ce nan kaɗai ake ganinta.

Akwai wani bincike da David Chambers ya fitar a 1983, aka ce wa yara kusan 5,000 kowa ya zana masanin kimiyya, 28 ne kacal suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne, ko namiji ɗaya bai zana mace ba. Wani kuma da ya fito a mujallar Science a 2017 daga Amurka ya nuna a shekara 5 yara mata da maza kowa na ganin jinsinsa ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, amma daga shekara 6 sai matan su fara miƙa wa maza wannan kambun. Kinga ashe taki ba ita ta fara ba.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki ba littafin ba ne, wannan maganar ce ta "su malam ke kira". Littafi sai an sake bugu kafin ya canza, malami kuwa gobe da safe zai iya canzawa. Kuma yawanci ba da gangan suke yi ba wallahi, aji ya cika ga hayaniya ga lokaci na gudu, wanda ya riga ɗaga hannu yana ihun malam ni malam ni shi ake kira, wadda ta yi shiru tana lissafawa a ranta sai a wuce ta, in an yabe ta ma a ce rubutunta ya yi kyau ko tana da natsuwa, shi kuwa a ce yana da ƙwaƙwalwa. Wasu masu bincike, Myra da David Sadker, sun yi shekaru suna bin azuzuwa a Amurka suna ƙirga irin wannan, suka ga maza sun fi samun hankalin malami, da yabo da gyara duka. Ita kuma wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa 1 ne bayan sun yi tambaya, in suka ja ta kai 3 sai ka ga waɗanda ba sa magana sun fara amsawa.

Toh ki je, amma ba da faɗa ba, da zarar kin ce malam kana nuna bambanci kin rufe ƙofa. Ki faɗa masa abin da yarinyar ta ce kawai ki yi shiru ki ji. In ya karɓa sai ki roƙe shi ya riƙa ɗan jira kafin ya zaɓi mai amsa, ko ya bi rajista layi-layi. Ki tambaya kuma wa ke share aji wa ke monita. Mazan ma fa abin na cin su, su ake fi zanewa, a ce namiji ba ya kuka, wanda ke son karatun labari a mai da shi abin tsokana.

A gida ki ba ta labarin Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta ci lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi ta duniya, a 2014, da Nana Asma'u 'yar Shehu da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kuma tura jajis, wato malamai mata da ta horar, suna koyar da mata. Don Allah kar ta taɓa jin kin ce ni ma da ban iya lissafi ba. Babanta kuwa ki daina musu da shi, miƙa masa littafin ya zauna su yi tare.

Ki kuma duba littafin aikinta da kyau, wani lokacin yaro wuri ɗaya ne ya kakare masa, sau ko rabawa, sai ya fake da magana. In nan ne to a fara warware wannan tukuna.